Kofi Shida, Mutum Biyar

Mun tashi daga Largo, unguwarmu kusa da Washington, da asubar ranar Asabar, fitilun titi ba su mutu ba tukuna. Mu huɗu ne a mota: ni, da 'yata da ke tuƙi, da jikata, da saurayin da ke neman aurenta. Matan zumunta da kuka dame ni da waya kuna tambayar yadda aka yi, to ga shi nan. Ina faɗa, 'yata tana rubutawa, don kada wata ta je ta ƙara gishirinta.

Ga abin da ya fitar da mu. Saurayin Bature ne, asalinsu Italiya. Iyayensa sun rabu tun yana goye, kakansa ne ya rene shi a wata gona can cikin tuddan Virginia. Uban jikata kuwa ya rasu, shi ya sa da maganar aure ta taso 'yata ta ce sai abin da na ce. Ni kuma na ce ba na ba da yarinya ga gidan da ƙafata ba ta taka ba. Sai tsohon ya aiko cewa mu zo, zai buɗe mana jar giyar inabi iri biyu da ya ajiye domin bikin jikansa, mu ɗanɗana mu zaɓa. Waɗanda cocinsu ya hana, ku yi haƙuri ku saurara kawai. Ni na yi shekara talatin da 'yan kai ina dafa burkutu a ƙauyenmu a Filato, da shi na reni 'ya'ya biyar, kuma ba wanda ya taɓa kwana da ciwon ciki saboda tukunyata. Da za mu fito na ɗauki ƙaramin ƙoƙona na jefa a jaka. 'Yata ta gani, ta kau da kai.

Mun hau babbar hanyar nan da ta kewaye Washington, muka haye kogin Potomac gari na wayewa. Daga nan muka shiga wata hanya da ake biyan kuɗi, amma ba mai karɓa. Ba shinge, ba ɗan akwati, wani ƙarfe ne kawai a sama yake kallonka. Na ce wa 'yata ta tsaya ta biya, ta ce ai an riga an cire tun ɗazu. Ban ji daɗin wannan ba. Wanda zai taɓa min aljihu, na fi son in ga fuskarsa.

Ƙarshen watan Oktoba ne, lokacin da mutanen nan suke wasa da mutuwa. Ko a Largo na saba gani, amma na ƙauyukansu ya wuce misali. Gida ɗaya sun zaunar da ƙwarangwal uku a baranda, ɗaya har da hula da jarida. Wani gidan sun kafa duwatsun kabari a gaban ƙofa, hannu yana fitowa daga ƙasa. Jikata ta ce duk roba ne, Kaka. Na ce na san roba ne, amma wanda ake kwaikwaya ba roba ba ne, kuma yana da kunne. Saurayin ya tambayi me na ce, ta fassara masa, ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya daina.

Mun tsaya shan mai a wani ƙaramin gari. A bakin shagon an tara kabewa kamar za a ciyar da kasuwa guda, ƙatuwa ɗaya dala goma sha biyu. Na ɗaga wata na ƙwanƙwasa, ta nuna sarai, miyar taushe ta kwana uku. Aka ce min ba ta ci ba ce, ido da haƙori ake fafe mata a ajiye a ƙofa har ta ruɓe. Na mayar da ita wurinta a hankali. Su suka sayi ruwan kofi mai zafi, ni na sha kunun gyaɗata da na zo da shi a filas, na ba saurayin dafaffen ƙwai biyu. Ya karɓa da hannu biyu. Na lura da wannan.

Bayan nan muka bar kwalta babba muka shiga wata 'yar siririya da ke hawa tudu. Hazo ya sauko, mai laima, har kana jin sa a fuska ta tagar mota. Matar nan da ke magana a cikin waya tana nuna hanya ta yi shiru a tsakiyar zance, ba ta ƙara cewa komai ba. Akwatunan wasiƙa ne a bakin hanya, ɗaya nan ɗaya can, amma ba ka ganin gidajen. Muka yi kusan awa ban ga mutum a ƙafa ba, ko yaro ko mai kiwo. A wata kwana barewa uku suka tsaya a tsakiyar hanya suna kallonmu. 'Yata ta danna ham, ko kunne ba su kaɗa ba. Sai da suka gama kallonsu suka shige cikin hazo ɗaya bayan ɗaya. A wurinmu naman daji yana gudun mutum. Wanda bai gudu ba, tsofaffi sukan tambayi ko na wane ne.

Gonar tana can saman tudu. Layukan inabi ne a jere, ganye ya zube, saura sanduna da waya, kowace kurangar inabi ta miƙa hannu biyu gefe da gefe. Tsohon yana tsaye a bakin ƙofa tun kafin mu kashe mota, ban san tun yaushe ba. Dogo ne, ya rankwafa, idanunsa sun yi yana fari-fari. Ya kama hannuna da nasa biyu, sanyi ƙalau kamar an ciro su daga randa. Gidan ba kare, ba kaza, ba rediyo. A bayan ƙofa akwai takalman gona na mace an jera su daidai, da rigar girki a rataye a ƙusa. Na tambaya a hankali, jikata ta ce kakar ta rasu shekara biyu ke nan.

Ya ba mu burodi da man zaitun da wani cuku mai tauri kamar sabulu, sannan ya ce mu sauka. Ɗakin giyar a ƙarƙashin gida yake, matakala goma sha huɗu, na ƙirga saboda gwiwata. Ƙwan fitila ɗaya ne, ja-ja, a can sama. Daɓen ƙasa ce tsura, ba siminti. Warin wurin na san shi, warin rami ne da aka haƙa sabo. Kwalabe a kwance a katako hagu da dama, ba ko ɗaya mai takarda a jiki. A tsakiya tebur, kujeru shida, kofunan gilashi shida.

Na ƙirga mu. Mu biyar ne.

Kujera ta shida tana kusa da tasa, an yafa mata mayafin ulu baƙi. A gindinta ƙasar ta yi baƙi-ja, danshi, faɗin faifai, har tana ƙyalli a fitila. Na daɗe ina kallon wurin. Na taɓa ganin inda aka yanka akuya, na taɓa ganin inda aka yi abin da ya fi wannan, kuma launin ɗaya ne. Na dai zaɓi kujerar da ke fuskantar matakala, na jawo jikata kusa da ni.

Tsohon ya fara bayani, jikata tana juya min da Hausarta mai ɗingishi. Ya ce shi mutumin Toskana ne, matarsa 'yar Umbiriya, yankuna biyu maƙwabta a Italiya, daga tudun garinsu kana hango nasu. Ya ce shekara hamsin suka yi suna musun giyar wa ta fi, ba wanda ya sauka. Ta garinsu, in ji shi, mai sauƙi ce, ja mai haske, da ɗan tsami kamar 'ya'yan itace da ba su gama nuna ba, tana wucewa ta bar maka yawu a baki. Ta garin matar kuwa baƙa ce, mai nauyi, tana kama harshe da dasashi ta riƙe, ba ta sakin mutum da wuri. Ya yi murmushi ya ce kamar mai ita. Danginsu ne suka aiko musu da kowace daga can, suka ajiye domin ranar auren jikansu. Kwalaben dama na garinsa ne, na hagu na garinta.

Ya buɗe ta dama, ya zuba a kofi shida, har da na kujerar da ba kowa. Ya nuna musu yadda ake juya kofi a shaƙa. Ya kuma ajiye wani bokiti wai wanda ba ya son haɗiyewa ya tofar. Abin da mutum ya yi shekara yana wahala a kansa, a tofar. Na bar wannan ya wuce. 'Yata ta kurɓa, jikata ta kurɓa, saurayin ya kurɓa, duk suka gyaɗa kai suna cewa lallai mai sauƙi ce. Amma na ga bakin 'yata ya tsuke kamar bakin jaka.

Ni ba bakinsu nake kallo ba, hannun tsohon nake kallo. Ya ɗaga kofinsa, ya juya shi, ya kai kusa da hanci, ya mayar ya ajiye. Bai sha ba.

Na ajiye nawa.

Ku 'yan gida kun san abin da nake nufi, amma saboda yaran da aka haifa a nan bari in faɗa. A wurinmu wanda ya zuba shi ke fara sha. Mai burkutu ba ta miƙa ƙoƙo sai ta kurɓa a gaban mai saye, ko da ɗan cikinta ne. Ranar da surukai suka haɗu kuwa, maigida ya sha, baƙo ya sha a baki ɗaya, sannan magana ta tabbata. Sau ɗaya na ga an tsallake wannan. Maigidan ya miƙa wa babanmu ƙoƙo ya ce haƙori ke damunsa, babanmu ya ji kunya ya sha. Ƙanwata aka kai gidan. Ba ta ga damina biyu ba. Ban ce giyar ce ta kashe ta ba. Na ce an nuna mana irin gidan tun ranar, muka kau da kai.

Tsohon ya buɗe ta hagu, ya kawo wasu kofuna shida ya sake zubawa, ya sake ajiye nasa bai taɓa ba. A daidai nan na ji kamar an ja kujera a sama, a ɗakin da muka baro ba kowa. Saurayin ya ce bututun ɗumama gida ne. Ban yi musu ba. Jikata ta matso ta ce, Kaka, ko kaɗan ne ki taɓa, yana kallonki. 'Yata ta ce, Mama, don Allah, nan ba gida ba ne, ba su san wannan ba. Na ce idan ban sha ba, ba aure, kuma ba zan sha ba sai ya sha. Idon jikata ya cika da ruwa. Ban ji daɗi ba, amma ƙanwata ma ta yi kuka ranar da nata ya tabbata, kukan murna.

Na ce wa jikata, “Faɗa masa. Kada ki rage, kada ki sa masa sukari.”

Ta faɗa. Tsohon ya yi magana a hankali, yana kallon kujerar nan. Ya ce tun makon da aka binne matarsa harshensa ya mutu. Likitoci sun duba ba su ga komai ba. Giya, miya, kofi, duk kamar ruwan da aka jiƙa ƙusa a ciki. Ya ce duk abin da ya gaya mana ɗazu daga ka ya faɗe shi, kuma kunya yake ji ya sa giyar matarsa a baki bai san ta ba. Jikan nasa ya zuba masa ido. Ashe shi ma bai sani ba.

Na ce, “Baba, ban ce ka ji daɗi ba. Na ce ka sha.”

Ya dube ni da fararen idanun nan. Sai ya ɗauki na farko ya shanye, ya ɗauki na biyu ya shanye, ya kife su a tebur. To, sai na ɗauki nawa.

Na fara da ta dama, wadda ya ce ta garinsa ce mai sauƙi. Ban tofar ba. Ta shiga bakina ta kama ni ta ko'ina, bauri kamar ka tauna ɗanyar kanya, harshe ya bushe, dasashi ya ɗaure. Sai da ta riƙe ni ta gaji sannan wani ɗan zaƙi ya fito daga can ƙasa, kamar busasshen 'ya'yan itace da ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya taɓa. Na ci burodi, na kurkure baki da ruwa, na ɗauki ta hagu. Wannan kuwa da gudu ta wuce, tsami mai daɗi kamar yakuwa, ta bar min yawu. Na sake komawa kan kowace sau biyu. Ban taɓa zuwa Italiya ba, ban san inabinsu ba. Amma mai burkutu ta san dawar tudu da dawar fadama ko an rufe mata ido, ko da gonakin suna kallon juna. Kuma kunnena ya ji abin da ya faɗa ɗazu.

Na tashi da kofunan biyu na je gindin matakala inda hasken rana ke saukowa, na ɗaga su. Ta hagu ina ganin yatsana ta cikinta. Ta dama baƙa wuluk.

Na dawo na ce, “Ka juya su. Matarka tana dama.”

Da aka fassara masa sai ya dafe tebur. Ya ce 'yan watanni bayan rasuwar an yi ruwa mai ƙarfi, ɗakin ya cika har gwiwa, takardun kwalabe suka saɓule, akwatuna suka yi iyo. Shi kaɗai ya kwashe ya jera, da idon nan nasa da harshen nan nasa, yana zaton ya tuna wurin kowace. Sannan ya nuna baƙin wurin nan na gindin kujera. Ya ce kowace Lahadi yana saukowa ya zuba mata kofi ɗaya a ƙasa daga kwalaben hagu, don ya ba ta ta garinsu. Kuma ƙasar ba ta sha. Giyar takan kwanta a sama kwana da kwanaki. Ya ce ya ɗauka fushi take da shi, bai san laifin da ya yi ba.

Na ce mace ta yi shekara hamsin tana cewa ba ta son giyar garinku, ta mutu kuma ka bi ta da ita duk Lahadi, me kake so ta yi? Jikata ta fassara tana dariya tana share hawaye. Tsohon ma ya yi wata dariya da ba ta fita sosai ba.

Ya ɗauki kofi na shida, wanda ya cika daga kwalbar dama tun farko, ya durƙusa da ƙyar, jikansa na riƙe da shi. Ya zuba a gindin kujerar. Ina tsaye a kansa, idona ƙyar a wurin. Ƙasar ta shanye nan take, ba ko kumfa, kamar an zuba a rairayi. A gefe kuwa tsohon danshin yana nan kwance yana ƙyalli. 'Yata ta ce min daga baya ai ya ɗan matsa gefe ne, inda ƙasar ta fi taushi. Ita ma'aikaciyar asibiti ce, tana da amsar komai. Ni dai na faɗi abin da na gani. Kuma tun daga lokacin har muka bar gidan ban ƙara jin an ja kujera a sama ba.

Na ciro ƙoƙona daga jaka, na goge da bakin zane, na zuba ta garin matar. Wannan karon ni na zuba, saboda haka ni na fara sha. Na miƙa masa ya sha a inda na sa baki. Na ba saurayin, na ba jikata. Na ce magana ta tabbata. Aka tambaye ni wace za a kai wurin biki, na ce duka biyu: ta Toskana a ba jama'a da farko, tana tafiya da kowane abinci, ta Umbiriya kuwa a jira sai an kawo nama mai kitse, don ba a shan ta da ciki wayam. Amma idan ana tambayar wadda ta fi ne, matar ce ke da gaskiya. Tsohon ya ce ya san haka tun shekara hamsin, bai dai taɓa faɗa mata ba.

Muka hau sama ya dafa mana taliya da miyar tumatir da naman da ya daɗe a wuta. Gishirin ya yi yawa ƙwarai, yanzu kuma na san dalili, na cinye tas. Da za mu tafi ya sa mana kwalba biyu a mota. Na sa jikata ta ɗaura wa ta matar jan zare a wuya, na kuma sa saurayin ya koma ƙasa ya ɗaura wa katakon dama irinsa, don kada a sake.

Mun kamo hanya da la'asar. Hazo ya tashi, sai ga gidajen da ban gani ba da safe, ashe suna nan kusa da hanya. Matar cikin waya ta dawo da maganarta kamar ba ita ta gudu ba. Cunkoso ya riƙe mu wajen gada, jikata ta yi barci a kafaɗata, muka iso Largo rana na faɗuwa.

Abin da na koyo ba shi da yawa. Da na ji kunya na sha kamar yadda babanmu ya yi, da mun dawo da murmushi, ba wanda ya san abin da ke cin tsohon nan, ni kuma da na aurar da jikata ina zargin gidan har in mutu. Da kuma na tashi na fita ban ce a faɗa masa ba, da na raba yara biyu saboda harshen da ya mutu. Ku riƙe al'adarku, amma ku buɗe baki ku faɗi dalilinta, ku tsaya ku ji amsa.

Akwai kuma wani abu da ban gaya wa 'yata ba sai yanzu da take rubutawa. Shekara huɗu ina ƙasar nan ban zuba wa kowa nawa komai ba, ina cewa ai nan duk kafet ne da siminti, kuma ba za su san hanya ba. Washegari Lahadi, bayan mun dawo coci, na fita bayan gida inda akwai 'yar ƙasa kusa da shinge. Na buɗe mai jan zaren, na zuba a ƙoƙo, na kurɓa, na kira sunan ƙanwata, na zuba sauran. Na tsaya ina kallo. Ta sha.